Madubin Ƙasa na Alhaji Sanban

"Wai da gaske in kana tsaye cikin ɗakin kana ganin hammatarka a ƙasa?"

"Hammata kaɗai? Har haƙorin da anka cire maka bara kana ganin gurbinshi."

"To ita tsohuwar mi tac ce?"

"Ba ta ce komi ba. Sanda dai ta riƙe da hannu biyu."

"Allah shi kyauta. Zuba mini na biyu, ka rage sukari."

Hirar da ake yi ke nan a rumfar mai shayi ta bakin tashar Buza, kuma ba sai an faɗi sunan mai ɗakin ba, don duk garin mutum ɗaya ne ya kai a yi hirar ƙasan ɗakinsa. Alhaji Shu'aibu ke nan, babban ɗan kasuwar albasa, gwarzon da ya je Abijan sau goma sha ɗaya ya dawo da ƙafafunsa, mutumin da in ya yi atishawa a Buza sai farashin buhu ya motsa a Madawa. Shi da bakinsa ya shaida mana haka, kuma wa ya fi shi sanin kansa? Ƙamshin turarensa yakan riga shi shiga masallaci, warin albasarsa kuwa ya biyo shi a baya kamar bara mai ladabi. Shi na gaban kawai yake ji. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Allah ya ba Alhaji komai: gidan siminti, mota mai baƙin gilashi, tumbi mai shiga ɗaki kafin mai shi, da muryar da ba ta bukatar lasifika. Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya. Mahaifiyarsa, Inna Cima, tana zaune can Tama cikin ɗakin laka, a gidan ƙanensa Idris, manomin geron da bai taɓa wuce Ƙonni ba. Ran nan a wurin wani suna, ana cikin rabon goro, sai wani tsoho ya dubi sama ya ce, kamar da gajimare yake magana, "A wani gida dai, gero ne ya riƙe uwa. Albasa mota ta riƙe."

Aka yi dariyar da ake yi cikin hanci. Alhaji ya miƙe, ya naɗe hannun babbar riga, ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa zai ɗauko Inna ya kawo ta Buza, ya gina mata ɗakin da ba a taɓa gina wa wata uwa irinsa ba tun daga Keita har Madawa, kuma a gidansa za ta ƙarasa kwanakinta. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Magana zarar bunu ce, ta fita ke nan.

Da ginin ya kai ga daɓe, Alhaji ya tafi Madawa da kansa zaɓen karo, wato tayil ɗin da ake shimfiɗawa a ƙasan ɗaki, don irin wannan aiki ba na aike ba ne. Mai kanti ya nuna masa ƙanana. Alhaji ya ce waɗannan na gidan malamin lakkol ne, mai koyar da boko. Ya nuna masa matsakaita. Alhaji ya ce ai ba asibiti yake ginawa ba. Sai can ƙuryar kanti ya hango wasu jingine da bango, kowane ɗaya ya kai ƙyauren taga biyu, tsayinsa ya zo wa Alhaji har ƙirji. Iri biyu ne. Ɗaya mai ɗan kaushi, launin ƙasa. Ɗaya fari fat, mai sheƙi kamar an daskarar da madara.

Mai kanti ya ce, "Tunda ɗakin tsohuwa ne, Alhaji, mai kaushin nan shi ya fi. Yana riƙe ƙafa ko da ruwa ya zuba."

Alhaji bai ji shi ba. Ya riga ya sa an kwantar da farin a ƙasa, ya sunkuya a kansa, ya ga wani kyakkyawan dattijo mai cikar kamala yana dubansa daga ciki. Ya gyara hula, dattijon ma ya gyara. Ya ɗora takalmi ya taka. Ƙwas. Ya sake takawa. Ƙwas. Tunda aka haife shi bai taɓa jin ƙasa ta amsa masa da irin wannan biyayya ba.

"Malam," in ji shi, "ni na ga duniya. A manyan otel na Abijan, in ka shiga ku biyu kuke tahiya, kai da wanda ke ƙasa shina gaishe ka. Uwar Alhaji Shu'aibu ta gama taka kaushi. Shekara saba'in tana takar duwatsun Adar. Yanzu lokacin san-ban sir san-ban ne."

Wato santimita ɗari da ashirin ta kowane gefe, da Faransancin da Alhaji ya tsinto a bakin tashar jiragen ruwa. Kafin mako ya zagayo ya faɗi kalmar a masallaci, ya faɗe ta a tasha, ya faɗe ta a wurin gaisuwar mutuwa. Garin ya gode masa da laƙabi. Tun daga ranar ba wanda ya sake cewa Alhaji Shu'aibu sai a gabansa. A bayansa Alhaji Sanban ne.

Karo goma sha shida aka loda a kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, tsakanin katifu da buhunan albasa marasa komai. Alhaji ya bar motarsa ya hau bayan kamyon ya rungume kayansa, yana yi wa direba tsawa a kowane rami. Tafiyar ta yi natsuwar da har wani mai jaki ya wuce su sau biyu, karo na biyu yana dawowa daga inda ya je.

Mai shimfiɗa karon sunansa Kalla, dattijo mai furfura da ƙarancin magana, wanda ya koyo aikin a shekarun da ya yi ci-rani a Aljeriya. Ya shiga ɗakin ya ja awo, ya sake ja, sannan ya ce faɗin ɗakin bai kai karo huɗu cif ba. Layin ƙarshe sai an yanke masa taƙi ɗaya da rabi.

"A yanka?" Alhaji ya dafe ƙirji. "Kalla, kana da hankali kuwa? In riga ta yi wa mutum kaɗan, rigar aka buɗewa ko mutumin aka sassaƙewa? Karon da ya ƙetare teku bai karye ba, ya biyo hanyar Madawa bai karye ba, shi za ka sa ma wuƙa a gidana? A matsar da bango."

Aka kuwa rushe bango, aka matsar da shi taƙi ɗaya da rabi cikin garken awaki. Awakin ba su kai ƙara ba.

Daga nan aiki ya kankama, kuma sai a yaba wa Alhaji, don bai bar Kalla ya yi shi cikin kaɗaici ba. Ya sa kujera a bakin ƙofa yana ba da umarni. Kwana uku Kalla yana daidaita daɓen siminti da dogon ƙarfe da ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya, don babban karo ba ya yafe wa tudu ko kwari. Da ya gama, Alhaji ya ce masa lalle a tabbata daɓe ya daidaita. Kalla ya kwaɓa simintin manni, ya taje shi a ƙasa da cokali mai haƙora, ya shafa wani a bayan karon. Da ya gama, Alhaji ya ce masa kada ya manta da shafa bayan. Mutum biyu ke ɗaga kowane karo da maƙalai masu tsotso, su sauke shi a hankali kamar mai jego. Sai Kalla ya bi shi da gudumar roba yana bugawa, kunnensa a karkace, yana sauraren inda zai ji rami a ƙarƙashi. Alhaji ma ya karkata nasa kunnen, yana gyaɗa kai irin na wanda ya san abin da ake sauraro.

Sau ɗaya Kalla ya ɗago kai. "Alhaji, nan tsohuwa za ta riƙa alwala?"

"Kai dai shimfiɗa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Da aka gama, Kalla ya ce kwana biyu ba mai takawa. Alhaji ya tsare ƙofar da kansa, yana leƙa dattijon nan na ciki suna yi wa juna murmushi. Bai taɓa azumin da ya ba shi wuya kamar wannan ba. Ya kuma aika ko'ina cewa ranar Asabar mai zuwa akwai walimar buɗe ɗaki: liman, manyan ƴan albasa, wasu masu faɗa a ji daga Madawa, har da Idris, don ya zo ya ga yadda ake riƙon uwa.

Ranar Litinin aka ɗauko Inna Cima a mota mai baƙin gilashi. Ta fito da ƙullin kayanta, da butarta, da ƙorenta uku, da sandar da ta girmi motar. Alhaji ɗan farinta ne, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma dubansa ido da ido. Wancan take ce masa. In tana da magana da shi, sai ta gaya wa matarsa Zaliha, ko da yana tsaye a wurin. Shekara hamsin da ɗoriya Alhaji yana jiran ranar da kunyar nan za ta tsage, Inna ta yabe shi ko da da rabin baki ne. Ya tabbata yau ce ranar.

Ya yaye labule. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ƙasa.

"Zaliha, ɗakin ga bai bushe ba."

"Ya bushe, Inna. Haka yake."

Inna ta miƙa sanda ta dogara. Sandar ta ce ita ba ta san zancen ba, ta yi gaba abinta. Inna ta cafki wuyan Zaliha, Zaliha ta cafki labule, labule ya cafki iska, su biyun suka zauna a ƙasa tare, ba shiri. Matar da ta yi shekara hamsin tana hawan tudun Tama da tulu a kai ba ta taɓa zamewa ba, yau ga ta ta fito daga ɗakin ɗanta da rarrafe.

Allah ya tsare, ba abin da ya karye. Amma Inna ta san abin da ta sani. Ƙawarta ta ƙuruciya ta zame a bakin rijiya shekara uku da suka wuce, ƙugu ya tafi, ba ta sake miƙewa ba har aka ɗauke ta. Inna ta ja ƙullinta zuwa rumfar tsakar gida, gefen awakin da aka ci wa fili, ta shimfiɗa buzunta.

"Zaliha, ki gaya ma wancan ƙuguna guda ne, ba ni da na sauyi. In Idris ya zo Asabar, bin shi zan yi."

Ko ƙullin ba ta kwance ba.

Wani mai ƙaramin tunani da sai ya ce laifin karo ne. Alhaji ya hango abin da ya fi haka zurfi: Inna ba ta iya tafiyar zamani ba. Talata da safe ya tara mutanen gida ya ba da darasi. Ya ce a kan karo ba a ɗaga ƙafa irin ta mai bin kuyya a gona, ana sauke ta ne da natsuwa, diddige sannan yatsu, ido a gaba, kamar minista. Ya yi zagaye uku cikin ɗakin, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Inna tana rumfa tana ɓare gyaɗa, ta ba shi baya. Laraba ya sayo mata takalman roba masu haƙora. Ta kife su a kan bakin randa, ta ce sun yi daidai da hana ƙuda. Alhamis Zaliha ta yi ƙarfin hali ta ce ko a shimfiɗa tabarmi.

"Tabarma? Zaliha, wa kika taɓa gani ya yafa ma farin wata mayafi? Mutane za su taso tun daga Madawa su zo kallon kaba?"

Amma Asabar tana matsowa, ƙullin Inna kuma yana nan ɗaure kamar ranar da ya zo. Alhaji ya fara ganin abin a idon zuciyarsa: baƙi cike da gida, Idris ya ɗauki ƙulli, Inna tana bin sa, tsohon nan na wurin suna yana duban gajimare. Juma'a bayan masallaci zai tafi Madawa ya kwana, ya taho da manyan baƙi da safe, ya kuma karɓo sabon takalmi mai ƙarfe a diddige da ya sa aka yi masa musamman. Kafin ya shiga mota ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su amfana.

"Zaliha, ki buɗe kunne. Duk abin da Inna ta nema don ta zauna ɗakin ga, a yi mata. Ko nonon zaki ne a tatso. Kada a tambaye ni, kada a kira ni. Uwar Alhaji ba ta roƙo sau biyu."

A hanya yana ta lissafa abin da za ta nema. Gadon ƙarfe mai rumfa, wataƙila. Ko fanka. In ta ce na'urar sanyi, to ya san jininsa ne.

Asabar da hantsi motoci uku suka tsaya ƙofar gida. Alhaji ya shigo gaba, sabon takalmi yana ba da sanarwa a kan simintin zaure. Bai lura da sawun amalanken jaki da ya cika ƙofar gidan ba, bai kuma lura da rariya huɗu da aka jingine a bango ba. Babban mutum ba ya duban ƙasa sai in fuskarsa na ciki. Ya tsayar da jama'a a bakin ɗakin: liman, ƴan albasa, baƙin Madawa, Kalla da aka gayyato don a nuna shi, Idris a can baya da rigarsa ta zuwa kasuwa, da tsohon nan mai hira da gajimare.

"Jama'a, abin da za ku gani ba a saba ganin shi ba a ƙasar ga. Kada ku cire takalma, ku bar su, don ku ji da kunnenku. Wanda ke da raunin ido shi runtse kaɗan. Bismilla."

Ya yaye labule ya jefa ƙafa.

Ba ƙwas. Takalmin ya nutse shiru har idon sawu.

Yashi ne. Farin yashin korama, tankaɗaɗɗe, mai laushi kamar garin tuwo, daga bango zuwa bango, har bangon da aka matsar. An share shi da tsintsiya an yi masa zane irin na ɗakin amarya. Amalanke bakwai Inna ta nema, matan unguwa suka yini suna tankaɗe. Ga ta nan zaune a tsakiya ta miƙe ƙafafu tana jan carbi, sandarta a kafe tsaye cikin yashi kamar ta yi saiwa, butarta a gefe, ɗan danshin alwala ya shige ƙasa abinsa. Ƙoren nan uku suna jere a gindin bango. Ƙullin an kwance shi.

Alhaji ya zaro ƙafarsa ya dubi takalmin, ya sake duban ƙasa.

Liman ne ya fara magana. Ya tuɓe takalmansa duk da umarnin da aka bayar, ya taka, ya lumshe ido. "Masha Allahu. Na shiga gidajen masu hali da yawa, na ga yadda suka aza tsofaffinsu bisa abin da ke karya su, don dai a ce sun yi. Wanga bawan Allah ya gina ɗaki na zamani, ya kuma tuna ƙafar da ta ɗauke shi. Allah shi yi maka albarka, Alhaji."

Aka amsa da amin. Baƙin Madawa suka zube a kan yashi suna gaida Inna, wani yana damtsa yana tambayar koramar da aka ɗebo shi. Tsohon nan ya sauke idonsa daga sama ya ce, "To, albasa ma ta riƙe uwa." Idris ya matso ya sunkuyar da kai. "Yaya, ka fi ni. Ni ban taɓa tankaɗe mata ba."

Inna ba ta ɗago ba. "Zaliha, ki ce ma Idris shi koma shi kaɗai. Ɗakin ga ya yi."

Shi ke nan. Uwa ta zauna, rantsuwa ta cika, bakin gari ya rufu, liman ya sa albarka. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Abin da ya rage wa Alhaji kawai ya ce amin ya sa a kawo abinci.

Amma a ƙarƙashin yashin nan akwai wani kyakkyawan dattijo da aka binne da rai, kuma Alhaji ba mai barin aboki cikin wahala ba ne.

"Ku dakata. Ba ku ga komi ba tukuna. Ainihin abin shina ƙasa."

Ya fara tonawa da gefen takalmi. Yashi ya koma. Ya durƙusa, ya naɗe hannun shadda, ya shiga yaye shi da hannu biyu kamar kaza ta ji motsin gara. Jama'a suka zagaye shi suna kallo. Da ƙyar ya buɗe wuri kamar faɗin faifai biyu, farin abu ya leƙo, tsabar yashi a warwatse a kansa.

"Ga shi nan. San-ban sir san-ban. Babu yanka ko ɗaya, bango anka matsar. Yanzu ku saurara."

Ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga sabon takalmi mai ƙarfe a diddige, ya sauke shi kamar minista.

Abin da aka ji ba ƙwas ba ne. Da farko wani ɗan siririn ƙiii, sannan shadda ta yi fiffike, sannan tim, irin na buhun albasa in ya faɗo daga saman kamyo. Hula ta yi nata wuri. Takalmi ɗaya ya tafi gaida ƙoren Inna.

Kalla, da ke bakin ƙofa da kunne a karkace, ya gyaɗa kai cikin gamsuwa.

"Kun ji ko? Babu rami ƙarƙashi. Cike yake."

Alhaji ya dafa don ya tashi, hannun ya bi sawun takalmin. Ya sake dafawa, gwiwa ta tafi. A karo na uku ya tsinci kansa hanci da hanci da dattijon nan na cikin karo, ba hula, yashi a gemu, wani dogon ƙarce ya ratsa masa fuska daga kunne zuwa kunne. Ƴan albasa suka kama tari gaba ɗaya. Liman ya dubi rufin ɗaki yana yaba aikin kafinta.

Inna Cima ta kai ƙarshen carbinta ba gaggawa, ta shafa, ta dubi ramin da aka tona mata a tsakar ɗaki, ba ta dubi wanda ke cikinsa ba.

"Zaliha, don Allah aika a ce ma mai amalanke shi ƙaro guda. A cike wurin ga da wancan ya tona, kada wani babban mutum shi zo shi hwaɗi."